Daga Ɗakin Kaka Zuwa Ma'ajiyar Kaduna: Matakan Farko na Bin Salsalar Gida a Ƙasar Katagum

Tsakure

Maƙalar nan tana magana ne a kan inda ya kamata mutumin ƙasar Katagum ya fara sa ƙafa idan ya ƙudiri bin salsalar gidansu. Hujjarta ita ce galibin masu farawa ta wutsiya suke kama aikin: suna somawa da labarin fitowar zuriya daga Gabas, alhali ba su tantance sunan yankan kakar mahaifiyarsu ba. Shawarar da take bayarwa ita ce a fara daga rayayyu a riƙa yin baya, a gabatar da tsofaffin mata, a kuma rubuta wa kowane labari isnadinsa yadda malaman hadisi suka koyar. Daga nan ta bi takardun cikin gida, da na kotunan alƙalai, da na Turawan mulki, ta nuna yadda sauyin lardi na 1926 ya raba takardun Katagum gida biyu. Ta kuma taɓo batun bauta, wanda ba kowane gida ke son a taɓo shi ba.

Gabatarwa



Tarihin sarautar Katagum ya sami masu yi masa hidima. Tun a 1911 J. M. Fremantle, wanda ya yi aikin mulki a yankin, ya fara buga tarihinsa a mujallar African Society ta Landan. A 1966 Hogben da Kirk-Greene suka ba masarautar gurbi a The Emirates of Northern Nigeria, a 1972 kuma Victor Low ya fitar da Three Nigerian Emirates, inda ya haɗa Katagum da Haɗeja da Gombe, ya dogara ƙwarai a kan abin da ya ji daga bakin dattawa. Wanda ya nemi jerin sarakuna daga Malam Zaki, wanda ya kafa masarautar, zuwa yau ba zai sha wahala ba. Amma tari matashi a kasuwar Azare ka ce ya lissafo maka kakanninsa ta wajen uba, da wuya ya haura uku. Ta wajen uwa kuwa, sau da yawa a kan kaka ɗaya yake cijewa, ita ma da laƙabin da ake kiranta a tsakar gida.

Wannan giɓi yana damuna, domin sanin nasaba a wurinmu abu ne da hukunci ke rataye a kansa. Da shi ake raba gado, da shi ake gane wadda aure ya haramta da ita ta jini ko ta shayarwa, da shi ake sanin waliyyi, da shi kuma ake sada zumunci, abin da hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya kwaɗaitar a nemi sanin nasaba dominsa. Magabatanmu ba su raina aikin ba: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya adana sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu, da yawansu kuwa danginsa ne, ya bayyana yadda suka haɗu. Mai bin salsalar gidansu a Yana ko Udubo yau, a kan tsohuwar turba yake.

Sanin ƙasa kafin sanin gida

Ƙasar Katagum, wadda mutanenta ke kira Guddiri, mararraba ce: Borno a gabas, Kano a yamma, Haɗeja a arewa, Bauchi a kudu. Kafin jihadi akwai tsofaffin sarautun Shira da Tashena, masu harsunan kansu, 'yan'uwan harshen Auyo na ƙasar Haɗeja. Duka ukun sun mutu, jikokin masu su Hausa suke yi yau. Saboda haka harshen da ake yi a gida yanzu ba ya zama shaida a kan harshen da kakan kakanka ya tashi da shi. Haka abin yake ga ɗimbin gidajen Fulani, Barebari, Badawa da Karekare da suka zauna cikin gari suka narke.

Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa masarautar a wajajen 1807, ya ci Birnin Gazargamu, aka laƙaba masa Sarkin Borno, ya kafa garin Katagum wajen 1814. A 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, Turawa matafiya Clapperton da Oudney suka iso, Oudney ya mutu a Murmur kusa da garin. Bayan shekara biyu rundunar Shehu Laminu na Borno ta ratso ƙasar har sarki ya bar gari na ɗan lokaci. A shekarun 1850 yaƙe-yaƙen Buhari Sarkin Haɗeja suka ɗaiɗaita ƙauyuka. A 1893 Rabe ya ci Borno, a shekarar kuma Basasa ta ɓarke a Kano. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi, aka yi yaƙin Burmi, waɗanda suka tsira da dama suka zarce har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu. Na jero waɗannan ne domin kowannensu ya tayar da mutane daga wani wuri ya zaunar da su a wani. Idan tsohuwa ta ce “kakanninmu gudu ne ya kawo su nan”, aikin manazarci ya gano wane gudu ne daga ciki.

Sai babban al'amari ga mutanen Azare: ɗauke fada daga garin Katagum zuwa Azare, wanda wasu marubuta ke sa wa 1910, wasu 1916. Sarki ba ya tashi shi kaɗai; fadawa, dogarai, malamai, makaɗa da masu sana'ar da ke ci a ƙarƙashin fada suna biye da shi. Duk wanda ya ce shi ɗan Azare ne, tambaya ta biyu ita ce: gidanku ya tarar da fada ne, ko fada ce ta tarar da shi? Amsar ita ke nuna ko sawun zai tsaya a Azare ko zai miƙa arewa zuwa tsohon gari. A nan akwai wani tarko da ke kama baƙon manazarci. Ƙaramar hukumar da ake kira Katagum hedikwatarta Azare ce, shi kuwa garin Katagum yana ƙaramar hukumar Zaki. Idan takarda ta ce an haifi mutum a “Katagum”, sai an tantance gari ake nufi, ko gunduma, ko masarauta, ko kuwa babban yankin mulki na Turawa.

A fara daga rayayyu

Ƙa'idar farko mai sauƙin faɗi ce: ka fara da kanka, ka rubuta abin da ka tabbatar, sannan mahaifanka, sannan nasu, ba ka tsallake tsani. Littafi guda mai ƙarfin bango ya isa, shafi ɗaya ga mutum ɗaya: sunan yanka, laƙubba, uba, uwa, garin haihuwa, sana'a, aure-aure, 'ya'ya tare da sunan uwar kowannensu, inda aka binne shi. Rubuta uwar kowane ɗa wajibi ne a gidajen da ake da mata biyu zuwa huɗu, ga saki, ga mutuwa, ga kome. Salsalar da ba ta bambance ɗakuna ba, ba ta da amfani ranar rabon gado.

Wa za a fara tambaya? Al'ada tana tura mutum wurin dattijon gida, mai zaure. Ni kuwa shawarata a fara da ɗakin tsohuwa. Dattijo ya kan riƙe layi ɗaya, na uba daga uba, da labarin sarauta ko malanta ko fatauci. Tsohuwa ita ta riƙe sauran: wa ya auri wa, wace ce ta fita ta bar goyo, wane yaro aka ba gwaggo riƙo, wa ya sha nonon wa, wane ne agola da ya tashi ana kiransa da sunan mai gida. Mace tana barin gidan ubanta ta zauna a wani, wani lokaci a gidaje uku ko huɗu cikin rayuwarta, tana zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa a dukkansu, don haka taswirar dangi a kanta take. Wanda ke shakkar zurfin abin da tsohuwa ɗaya za ta iya riƙewa ya duba Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954.

Sai dai shiga ɗakin tsohuwa yana da ladabi. Ba a zuwa da takardar tambayoyi a ce “Iya, mene ne sunan mijinki?” Alkunya ba za ta bar ta ta faɗi sunan miji ba, ko na ɗan fari, ko na suruki, balle a gidajen Fulani inda abin ya fi tsanani. Wanda ya matsa, shiru zai samu, ko “mai gidan nan”, ko “wancan yaron”. Hanyar ita ce a kewaya. Sunan mijinta a nema wurin ƙanwarsa, sunan ɗan farinta wurin kishiyarta ko ƙawarta, ko kai ka ambata ita ta gyaɗa kai. Tambayoyin da ke buɗe baki su ne irin waɗannan: “Inna, a gidan wa aka yaye ki?” “Wa ya riƙe ki har aure?” “Daga wane gida aka kai ki ɗaki?” “Da kika je goyon ciki, wane gari kika tafi?” Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci na musamman, domin al'adar komawa gida haihuwar fari tana sa a haifi ɗan fari a garin kakanninsa na wajen uwa. Mai bincike da bai san haka ba zai zaci zuriyar gaba ɗaya daga can ta taso.

Sunaye kansu shaida ne, idan an iya karanta su. Yaron da ake kira Abba, Baba ko Baffa, da yarinyar da ake kira Ummi, Iya ko Inna, galibi sunan kaka suka ci aka sakaya, don haka sunan yankansu yana iya mayar maka da sunan wani magabaci da aka manta. Jerin Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu yana nuna tsarin haihuwar masu suna Muhammadu a gida ɗaya, kuma idan ka ga Sani da Rabi'u babu Salisu, ka tambaya, mai yiwuwa ya rasu yana ƙarami. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba. Yadda ake furta suna ma yana nuna hanya: Abubakar ɗaya ne, amma Garba, Buba da Bukar ba daga ƙofa ɗaya suka shigo ba, haka Mamman da Modu, haka Binta da Falmata. A ƙasar da Hausa da Fulatanci da Barbarci suka cakuɗa kamar tamu, wannan alama ce mai amfani, ko da yake alama ba hujja ba ce. Haka tsagar fuska, wadda take ɓacewa da tsofaffin da ke ɗauke da ita. A ɗauki hotonta da izininsu, a tambayi wanzamin gidan sunanta, domin gidajen wanzamai suna riƙe da sanin wace aska ce ta wane dangi. Wasan barkwanci ma yana faɗa: dangin da ke wasa da Barebari, ko masu wasa da Fulani, sun riga sun gaya maka ɓangaren da suke ɗaukar kansu.

Haɗarin takwara shi ne maimaici. A gida ɗaya ana iya samun Umaru ɗan Abdu ɗan Umaru ɗan Abdu, sai mai ba da labari ya dunƙule Umaru biyu su zama ɗaya, ya jingina wa jika yaƙin da kaka ya je. Wannan dunƙulewa ita ce babbar cutar salsalar baka a ko'ina. Ana gwada ta da lissafi. Daga zamanin Malam Zaki zuwa yau an haura shekara 210. Idan matashi ya ce sunaye uku ne kacal tsakaninsa da mutumin da ya yi jihadi tare da Malam Zaki, to kowane uba a layin sai ya kasance ya haifi ɗansa yana da shekara hamsin ko fiye. Hakan na iya faruwa a ƙasar da dattijo ɗan saba'in ke yin suna, saboda haka ba za a yi watsi da ruwayar ba, amma za a sa mata alamar tambaya a nemi sunan da ya faɗi a hanya.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne ginshiƙin aikin duka, wato isnadi. Ba mu da buƙatar aro wannan hanya daga ko'ina, tana cikin karatun zaurenmu. Kowane labari da ka rubuta, ka sa a ƙarƙashinsa wa ya faɗa, kimanin shekarunsa, a ina, a wace rana, kuma shi da idonsa ya gani, ko daga wanda ya gani ya ji, ko kuwa “haka muka taso muka ji” ne. Daraja uku ce daban-daban, kada a zuba su a ƙwarya ɗaya. Idan gwaggo ta ce daga Shira aka taso, baffa ya ce daga Cinade, a rubuta duka biyun kowanne da mai shi. Kada a yi musu sulhu a kan takarda, domin sau da yawa daga baya ake gane duka gaskiya ne, ɗaya na maganar uba, ɗaya na maganar uwa, ko kuwa zango biyu ne na tafiya ɗaya. A kuma guji yin hira cikin taro. In aka tara dattawa wuri ɗaya, mafi girma ko mai rawani shi ke magana, sauran su ce “haka ne”, ruwaya biyar ta koma ɗaya.

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da aukuwa suke ƙirgawa, saboda haka manazarci ya tanadi jerin aukuwar ƙasarsa. Zamanin sarakuna shi ne ma'auni na farko: Abdulƙadir na uku ya yi sarauta har 1947, Umaru Faruƙu daga 1947 zuwa 1980, Muhammadu Kabir Umar daga 1980 zuwa 2017. Sai yunwar 1913 zuwa 1914 da Kanawa ke kira Kakalaba, da annobar marisuwa ta 1918, da ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos da tafiyar soja ƙasar Burma lokacin yaƙin duniya na biyu, da zuwan Sarauniya a 1956, da kisan Sardauna a 1966, da canjin kuɗi zuwa naira da farin 1973. Sunayen yunwa suna bambanta daga gari zuwa gari, don haka a tambayi sunan da mutanen wurin suka ba ta, da abin da aka ci a cikinta, kafin a ɗaura mata shekara. Tsohuwar da ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka yi canjin kuɗi ta ba ka shekarar da ta fi wadda ke kan katin zaɓensa inganci.

Takardun da ke cikin gida da na kotu

Bayan baki sai takarda, kuma ta kusa ake fara nema. A gidajen malamai a buɗe gafaka. Malaman dauri sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ranar tafiya a bangon littafi ko gefen shafi, mai kwafe littafi kuma yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da gari da shekara. Ijazar karatu ko ta ɗariƙa tana nuna inda mutum ya zauna da wanda ya zauna wurinsa. Shekarun na Hijira ne, wani lokaci ma da haruffan ramzi aka rubuta su bisa lissafin Magaribawa, wanda harafin shinun ke tsayawa a matsayin dubu, don haka sai an nemi malamin da ya san hisabi. Juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya ba wuya: a raba ta da 33, a ɗebe abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Shekarar 1321, alal misali, an ɗebe 40 an ƙara 622, ta ba da 1903. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya, tun da shekarun biyu ba rana ɗaya suke farawa ba.

A gidajen da ba na malamai ba ma akwai abin dubawa a ƙasan adaka: rasit na haraji da na jangali, takardar cinikin gona ko gida mai ɗauke da sunayen shaidu da maƙwabta, fasfon hajji, takardar sallama daga soja, wasiƙun ajami daga ɗan'uwan da ya tafi cin rani ko ya zauna a Sudan a hanyar Makka, tsofaffin hotuna. Hoto a kai wa tsohuwa tun tana gani, a rubuta sunan kowa a bayansa.

Takardun boko suna da nasu ruɗin. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Nijeriya ta 1992 ce, kuma har yau ba kowace haihuwa ake rubutawa ba. Ranar haihuwar da ke kan takardun iyayenmu galibi ƙiyasin malamin makaranta ce, ko ta takardar rantsuwa da aka yi don neman aiki, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa. Sunan ƙarshe ma haka. Makarantun En'e sun saba laƙaba wa yaro sunan garinsu, abin da ya ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari, a nan gida kuma Sule Katagum. Mutum biyu masu amsa “Azare” ko “Gamawa” ba lalle su haɗa jini ba, wa da ƙane kuma suna iya ɗaukar suna daban, ɗaya na gari ɗaya na uba.

Takardar da ta fi kowace daraja ga mai bin salsala, a ganina, ita ce ta rabon gado a kotun alƙali. Alƙali ba ya raba dukiya sai ya ƙididdige magada, matan mamaci da 'ya'yansa maza da mata da iyayensa in suna raye, kuma a zamanin En'e ana cire ushira a kai baitulmali, don haka akwai dalilin rubutawa. A shafi ɗaya kana iya samun gida sukutum, har da 'ya'ya mata da salsalar baka ta zubar. Kotunan sun fita daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sun sake sauya fasali bayan 2000, littattafansu sun yi ta ƙaura daga wannan ɗaki zuwa wancan. A nema da takardar izini da haƙuri, a kuma je da wanda ya iya karanta Larabci da ajami na muhutai.

Tafiya Kaduna

Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ita ce zangon ƙarshe, kada a mayar da ita na farko. Wanda ya je ba da sunan ƙauye da na dagaci da kimanin shekara ba, zai dawo hannu rabbana. Abin da ya wajaba ya sani kafin ya tashi shi ne, bayan zuwan Turawa an haɗa Katagum da Lardin Kano ne, sai a 1926 aka mayar da ita Lardin Bauchi. Takardun farko a nema a rukunin KANOPROF, na baya a BAUPROF, waɗanda aka aika hedikwatar Arewa kuma a SNP. Mai neman kakan da ya yi dagaci a 1915 cikin takardun Bauchi kaɗai yana iya cewa babu shi, alhali yana ɗaya ɓangaren. Rubutun sunaye ma sai an yi hattara: Turawan farko suna rubuta Messau, Jemaari da Hadeija, Clapperton kuwa Duncowa ya rubuta a maimakon Ɗan Kauwa.

Mafi amfani su ne rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi da littattafan gunduma, inda Di'o ke jera ƙauyuka da dagatai da bulamai, da ƙabilun mazauna, da sana'o'i, da taƙaitaccen tarihin kafuwar gari. Sai fayilolin naɗi da tuɓe hakimai, waɗanda sukan zo da zanen salsalar gidan sarauta. Amma a tuna yadda aka haifi waɗannan takardu: Bature ya tambayi hakimi ta bakin tafinta, hakimi ya faɗi abin da zai ƙarfafa kujerarsa. Talaka a ciki lamba ne a layin masu biyan haraji, mace kuwa da ƙyar take bayyana. Kasancewar magana da Turanci a kan tsohuwar takarda bai ɗaga ta sama da ta kakarka ba. Ita ma ruwaya ce, a nemi isnadinta. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da rubuce-rubucen Larabci da kundayen bincike da za su cike wani giɓin.

Asalin Gabas, da abin da ake rufewa

Kusan kowane babban gida yana da labarin fitowa daga Gabas: Yamal, Misira, Bagadaza, Bagarmi, ko Gazargamu. Ban ce a jefar da shi ba. A rubuta shi yadda aka faɗa, domin yana nuna yadda zuriya ke kallon kanta, wani lokaci kuma akwai ƙwayar gaskiya a ciki, musamman abin da ya shafi Borno, wadda ke bakin ƙofarmu. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko sunan ƙarshe da aka tabbatar a ɗinke shi da wani sharifi ko sarki, a cike tsakanin da sunayen da ba wanda ya ruwaito. Inda sani ya ƙare a ja layi, a rubuta cewa daga nan labari ne. Kirarin maroƙa ma haka: yana adana sunayen kakanni da garuruwa da kyau, amma maroƙi don a ba shi yake yi, ba ya ambaton wanda aka tuɓe ko wanda ya gudu.

Akwai kuma abin da bincike kan tono wanda ba a nema ba. Clapperton ya tarar ana cinikin bayi a Katagum a 1824, kamar sauran manyan garuruwan zamanin. Sanarwar Turawa ta 1901 ta 'yanta waɗanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotunan alƙalai sun yi ta rubuta fansa da 'yantarwa. Ma'ana, gidaje da yawa, har da na sarauta, suna da kaka wadda ƙwarƙwara ce da aka kamo daga wata ƙasa, wasu kuma kakansu namiji ne ya fanshi kansa da murgu. A shari'a ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, sarakuna da yawa ta nan suka fito. Matar nan tana da suna da gari da harshe kafin a kamo ta, kuma ta cancanci shafinta a littafin kamar kowace kaka. Amma al'ummarmu har yanzu tana gori da wannan, ana fasa aure a kansa. Don haka manazarci ya rubuta gaskiya a littafinsa, ya kuma san cewa abin da ya shafi gidan wasu ba nasa ba ne da zai watsa a dandalin WhatsApp na dangi. Gwajin ƙwayar halitta da kamfanonin Amurka da Turai ke tallatawa bai warware wannan ba: yana iya nuna dangantaka ta kusa tsakanin mutum biyu da suka yi gwajin, amma ba ya faɗin sunan kaka ko ƙauyensa.

Inda za a ajiye

Wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar murya, ita ce kuma ta fi saurin hallaka ta, domin waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita. Kowace hira a fara ta da faɗin rana da wuri da sunan mai magana da yardarsa, a juye ta a wuri biyu ban da wayar, a kuma rubuta ta a takarda da Hausar da aka yi ta. Kada a gyara Guddiranci ya koma Kananci, domin karin harshen shi ma shaida ne a kan inda mai magana ya tashi. Idan tsohuwa ta ce wani abu kada a faɗa sai bayan ranta, a rubuta sharaɗin a kan shafin, a kuma cika shi.

Ina roƙon cibiyoyin ilimin da ke ƙasar nan, Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, tare da majalisar masarauta, su ware ɗaki guda da ma'aikaci guda don karɓar kwafin irin waɗannan hirarraki da hotunan takardun gida, asalin takardun kuma su zauna wurin masu su. Malaman tarihi da na Hausa suna iya sa kowane ɗalibi ya kawo hira da tsohuwa ɗaya ta wajen uwa da ɗaya ta wajen uba a matsayin aikin zango, da isnadi cikakke, da takardar yarda mai nuna abin da za a buɗe wa kowa da abin da za a rufe zuwa wani lokaci.